Lagireton da Ka Bari a Ƙasa

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka a inda Allah ya ajiye ka. Ba ni da adireshin da zan rubuta a bayan ambulan, shi ya sa na sa ta a shafin shagonmu, inda muka saba sa hotunan biki. Na san masu bin shafin za su karanta, wasu ma za su tambaya ko mun daina ɗaukar biki ne. Ba mu daina ba. Su yi haƙuri, yau maganar tsakanina da kai ce, kuma yawancinta a kan fanka ce da tiyo.

Gida lafiya. Inna lafiya, sai gwiwa da ke damunta in damina ta kankama. Har yanzu tana dafa folere, zoɓon nan namu, tana ɗurawa a kwalabe, har yanzu kuma tana cewa na kowa a unguwarmu ta New Bell ruwa ne in ban da nata. Kwatar ƙofar gida tana nan yadda ka san ta, ruwa kaɗan ta cika ta leƙo shago.

Na rubuto ne a kan kwamfutarka, wadda Inna ta hana kowa buɗe cikinta tun bayan tafiyarka.

Bari in faɗi yadda take saboda masu karatu, kai ka yi haƙuri da maimaici. Shagonmu ɗaki ne guda a gaban gida, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin Inna. Kai ke fita da kyamara wajen biki da suna, ni ke zama in haɗa bidiyon, in yanke, in sa kiɗa, in goge inda kawun amarya ya tsaya a gaban kowa. Haɗa bidiyo aiki ne da ke dafa kwamfuta, ga zafin Douala da ba ya jin magana. Tsohuwar fankar da ke kan ƙwaƙwalwar injin ta kasa, sai ka je unguwar Akwa ka dawo da abin sanyayawa mai ruwa.

Na tuna dariyar da Inna ta yi ranar. Ta ce tun tana yarinya ake ce mata a raba ruwa da wutar lantarki, yau ga ɗanta ya sayo ruwa da kansa zai zuba a ciki. Ka shimfiɗa mata abin a kan tebur kana nunawa: ɗan famfo da ke zama a kan ƙwaƙwalwa, tiyo biyu baƙaƙe, sai lagireto irin na mota amma siriri, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa tafi ba, da fankoki biyu a jikinsa. Famfo ya tura ruwa, ruwa ya kwashi zafi ya kai lagireto, fankoki su hure shi, ruwan ya dawo da sanyi. Komai a rufe, ba ɗigo. Inna ta ce ta ji, amma dai kada a kira ta ranar da ya fashe.

Karatun iska kuwa ka ba ni shi har na gaji. "Ta shiga ta gaba, ta fita ta baya da sama. Sauran duk surutu ne." Haka kake cewa. Ka koya min duba fanka tun ba a kunna ta ba: fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injinta, ta nan iska ke fita. Ka ce mai shigowa ta ɗan fi mai fita yawa, don kada akwatin ya riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. Na ce maka ni bidiyo nake haɗawa, ba ruwana da cikin akwati. Ka ce wanda bai san cikin abin da yake ci da shi ba ɗan haya ne a sana'arsa. Na ji haushi, amma na riƙe.

Sai gwajinka, wanda ban taɓa ganin wani ya yi ba. Duk injin da ka haɗa, namu ko na mutane, ba ka yarda ya gama sai ka shiga ɗakin Inna ka ɗauko tsinken turare. Ka kunna, ka riƙe a gaban akwatin, mu ga hayaƙin ya lanƙwasa ya shige. Ka zagaya baya, mu ga an ture shi waje. In wata fanka ta ba da baya, hayaƙin ne zai tona ta. Inna ta kan tsaya a bakin ƙofa tana mitar kana ƙarar mata da turare a kan ƙarfe, amma ba ta taɓa tafiya ba sai an gama.

Matsalar da ka samu da sabon lagireton ita ce wurin zama. Gaban akwatin cike yake da ma'ajin faya-fayan da muke tara bukukuwan mutane. Saman kuma ramin fanka ɗaya kawai aka yi masa. Ka ce sai an kai wa mai waldar nan na Ndokoti ya yanke murfin sama ya huda, sannan lagireto ya hau can, inda ya kamata ya zauna. Ka sa ranar da za ka kai.

Kafin ranar ta zo aka kira daga Bamenda. Rikicin can ya yi tsanani a unguwar su Goggo, ƙanwar marigayi Baba, ga ta ba lafiya, ba mai fito da ita. Ka ce za ka je ka taho da ita. Akwai bidiyon biki a hannuna da ake jira, don haka da safen nan kafin ka wuce tasha ka durƙusa ka ɗaure lagireton a gindin akwati, a ƙasa, fankokinsa suna zuƙo iska daga ƙarƙashi. Ka rufe, ka goge hannu a wando. "Provisoire ne, Bilki, na wucin gadi. In na dawo zan kai Ndokoti in maida shi sama. Kar ki taɓa." Inna tana bakin ƙofa da ledar guzurinka a hannu, ta ji duk abin da ka faɗa.

Abin da muka sani bayan nan kaɗan ne. An tare motarku a hanya. Wasu mutane da bindigogi suka sauke mazan da ke ciki, suka ce direba ya wuce da mata. Direban ne ya faɗa wa Kawu Isa, yayan Inna, da ya bi sawu. Ba wanda ya kira mu. Kawu ya je duk inda aka ce ya je, ya tambayi duk wanda aka ce ya tambaya, ya dawo da takalmansa sun cinye. Goggo kuwa ta iso daga baya da ƙafarta, cikin ayarin maƙwabta.

Inna ba ta yi irin kukan da mata suka zo taya ta ba. Ta shigo shago ta ɗauki jakar kayan aikinka, mai sukudireba da filaya, ta kai ɗakinta ta sa a ƙasan akwatin zannuwanta. Ta ce in ci gaba da aiki da injin, amma kada hannun kowa ya shiga cikinsa.

Da aka kwana biyu, har mutane suka daina tambaya a hanya, Kawu Isa ya zo da limamin masallacinmu. Suka zauna a tabarma suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe liman ya ce ko za a tara jama'a a yi maka addu'a da sadaka, a karɓi gaisuwa, zuciya ta samu wurin sauka. Inna ta bar shi ya gama. Ta ce, "Malam, yaron nan ya bar aiki a buɗe, ya ce zai dawo ya ƙarasa. Ni ban ga yadda zan karɓi gaisuwar wanda aikinsa ke jiransa ba." Ta kawo musu folere mai sanyi, suka sha suka tafi. Kawu ya sake gwadawa wata shekarar, amsar ba ta canja ba.

Ka ga inda ka bar mu ke nan, Yaya. Lagireto a ƙasa yana nufin kana hanya. Duk wanda ya maida shi sama ya ce ba za ka zo ba.

Na ɗauki wani yana fita da kyamara, ni ina haɗawa. Sai shekarar korona ta zo, bukukuwa suka koma ɗaurin aure a falo da mutum kaɗan, injin ya samu hutun da bai nema ba. Da aka saki gari aka dawo da biki kamar ana ramuwa, a lokacin ne ya fara kuka. Wani ƙul-ƙul ne, irin na buta in ana tsiyayar da ruwan ƙarshe. Da farko in an kunna ne kawai, ya yi ya daina. Daga baya ya zama ba ya dainawa.

Na san dalilin, don ka taɓa faɗa min, na kuma bi na ƙara karantawa. Duk yadda aka rufe irin wannan abin, akwai 'yar iska a cikin ruwan tun daga masana'anta, kuma shekara da shekaru ruwan na raguwa kaɗan-kaɗan, iskar na ƙaruwa. Iska kuwa wuri mafi tsawo take nema. In lagireto ne a sama, can za ta taru ta zauna a lungunsa, ba ta dami kowa ba. Ko a gaban akwati aka tsayar da shi, muddin kansa ya fi famfo tsawo, tiyo kuma suna ta ƙasa, lafiya lau. Amma kai ka sa shi a gindi, sai famfo ya zama shi ne a sama. Duk iskar ta hau ta taru a cikinsa, yana juyawa rabi a ruwa rabi a banza. Kukan ke nan.

Ga kuma ƙura. Fankokin suna zuƙowa daga daɓen shago, kai ma ka san daɓen shago a unguwarmu: ƙasar da takalma ke shigowa da ita, zaren tela na kusa da mu, danshin damina ya haɗa su ya dama. Na kan kwanta a ƙasa da tsohon buroshin haƙori ina sharewa ta ramukan ƙarƙashi, iya inda hannu ya kai ba tare da na kwance ko sukuru ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne Inna tana son kukan. Ta bango take jinsa. Ranar da na makara ban kunna ba sai ta leƙo ta ce yau injin Sanusi bai tashi ba ne? In ya fara ƙul-ƙul ɗinsa sai ta koma wanke kwalabenta hankali kwance. Ni ina jin famfo yana mutuwa, ita tana jin gida da mutum a ciki. Ban iya gaya mata ba.

Daga nan ya fara ɗaukewa. Ina tsakiyar fitar da bidiyo, an yi nisa, sai allon ya yi baƙi, akwatin da zafi kamar murfin tukunya. Na jawo fankar tsaye na kafa masa. Na koma yin aikin da sassafe kafin rana ta ɗaga. Na riƙa yanka bidiyo gunduwa-gunduwa ina fitarwa, ina ba shi hutu a tsakani. Wata uwar amarya daga unguwar Nylon ta yi ta zuwa har ta san sunan kowa a lungunmu, kullum in ce mata gobe. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce 'yarta ta kusa haihuwa ba ta ga bikinta ba. Da injin nan muke ci, Yaya, kuma a shekarun nan ba wanda zai haɗa mana irinsa.

Na tambayi Inna sau ɗaya. Na zaɓi lokacin da ta idar da walaha, tana zaune a kan dadduma. Na ce injin yana son gyara. Ta ce, "Ba ki ji abin da ya ce ba?" Na ce na ji. Ta ce to.

Da na so, da na ari sukudireba wajen mai gyaran waya na bakin titi, na jira ta tafi kasuwa. Sau da yawa na tsara hakan a raina. Amma da ta dawo kunnenta zai gaya mata. Kuma in faɗa maka gaskiya, ba Inna kaɗai ba ce. Ni ma duk ranar da na kalli sukurorin nan na murfi, na tuna kai ka ɗaure su, sai in ji hannuna ya yi nauyi. Ina ganin laifinta a fili, a ɓoye ina fakewa da ita.

Sai dabara ta zo min, irin wadda da kana nan da ka yi min dariya har ka riƙe ciki. An ce kada a buɗe, ba a ce kada a juya ba. Na kashe injin, na zare wayoyi, na samo katako biyu na jera a tebur, na kife akwatin gaba ɗaya a kansu. Ƙafafu a sama, kai a ƙasa. Yanzu lagireto ya zama shi ne a sama, famfo a ƙarƙashinsa, ban karya dokar kowa ba. Na kunna. Ya yi ƙul-ƙul mai ƙarfi, ya yi ta yi, sannan ya ragu. Ba gyara ba ne, don fankokin yanzu suna danna iska ƙasa, tana fita ta inda ta samu, lagireton kuma yana nan a toshe. Amma ranar na fitar da bidiyon 'yar Nylon bai ɗauke ba.

Ina cikin jin daɗin wayona Inna ta shigo da kwalaben folere za ta sa a firijin shago. Ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙafafun roba huɗun nan a sama. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba tun tafiyarka. Ta ce, "Kin kife masa kaya kamar kwanon da aka gama da shi." Muryarta ƙasa-ƙasa.

Sai na karɓi kwalba ɗaya daga hannunta. Ka san ba ta cika su har baki, tana barin ɗan wuri. Na nuna mata iskar da ke wuyan kwalbar, na kife ta, iskar ta gudu ta koma gindi. Na ce haka take yi a cikin injin, sama take bi. Na nuna mata inda famfo yake da inda lagireto yake. Na ce kukan da take ji ta bango famfon ne yake shan iska maimakon ruwa, kuma in aka bar shi zai tsaya.

Ta karɓi kwalbar ta juya da kanta. Ta sake juyawa. Ta ce, "Shi ya san haka ya sa shi a ƙasa?" Na ce ya sani, shi ya koya min. Ta ce, "Ashe bai yi niyyar daɗewa ba." Ta sa kwalaben a firiji ɗaya bayan ɗaya ta fita.

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Injin ya ci gaba da zama a kife. Ta daina leƙowa shago, in za a sa folere sai ta ajiye a bakin ƙofa in ɗauka. Na ɗauka fushi take yi da ni, na haƙura.

Ranar Litinin da ta wuce na buɗe shago da safe na tarar da jakarka a kan tebur. Fatar ta yi furfurar danshi, zif ɗin ya cije. Inna tana tsakar gida tana tace folere, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ki yi yadda zai yi."

To, na buɗe.

Ƙurar da na samu ba ta faɗuwa. Lagireton ya yi bargo, da ƙyar ake ganin haske ta cikinsa. Kuma Yaya, na ga wayoyin da ka cusa a bayan babban allon da kayan injin ke maƙale a kai, ka danne da murfi. Kai da kake min wa'azin tsari. Na gani, na kuma gyara, ba sai mun yi dogon zance ba.

Da na cire murfin sama na juya shi, sai na ga zanenka a ciki. Ka riga ka auna. Layin inda za a yanke da baƙin alƙalami, da 'yar alama a duk inda sukuru zai shiga, da kibiya mai nuna baya. Na zauna da murfin a cinya na ɗan lokaci. A nan ne na yi kukan da ban yi ba, kaɗan, don akwai aiki a gabana.

Dole na kwashe komai daga akwatin, saboda garin ƙarfe in ya faɗa kan allo ya gama da shi. Duk abin da ka ɗaure na kwance, na jera a kan zanin Inna. Na rungumi akwatin wofi na hau bensikin, acaɓar nan tamu, zuwa Ndokoti, muka kutsa cikin cunkoson nan da ka sani, masu talla suna tambaya ko na sayarwa ne. Mai waldar yana nan, ya ƙara ƙiba. Ya bi layinka bai kauce ba. Da ya gwada lagireton a kai, ramukan suka hau daidai, ya ce wanda ya auna wannan ya san abin da yake yi. Na ce yayana ne. Ya ce in gaishe ka, na ce za ka ji.

Ga yadda na haɗa, ka duba in da gyara. Lagireto a sama, a kwance, fankokinsa biyu a ƙarƙashinsa suna tura iska waje ta cikinsa. Tiyo sun sauko zuwa famfo ba lanƙwasa mai tsanani. Na goge tsohon man da ke kan ƙwaƙwalwa, ya bushe ya zama kamar alli, na shafa sabo. Fanka biyu a gaba suna shigo da iska. Da yake ma'ajin faya-fayai ya tare musu rabin hanya, na ƙara ɗaya a gindi, a gurbin da lagireton ya bari, ita ma tana shigowa, na yanko gidan sauro na rufe mata baki saboda ƙura. Ɗaya a baya tana fitarwa. Na ɗora akwatin a kan benci, ya bar daɓe har abada. Na san iskar da ke bi ta lagireton yanzu ta riga ta ɗauki ɗumin katin hoto da ke cikin injin, ba kamar ta waje ba. Na yarda da wannan, ya fi famfo ya sha iska.

Na kunna, na ɗan karkata akwatin gaba da baya don iskar da ta maƙale ta hau. Ya yi ƙul-ƙul, ya yi tari, ya yi ƙul. Ina durƙushe ina saurare ban ji shigowarta ba, sai ƙamshi na ji. Inna ce a bayana da tsinken turare a kunne.

Ba ta miƙo min ba. Ita ta sunkuya, da gwiwar nan tata, ta riƙe shi a gaban akwatin. Hayaƙin ya lanƙwasa ya shige. Ta kai ƙasa, ya shige. Ta ɗaga sama, aka ture shi ya yi rufi. Ta zagaya baya, ta tsaya, ta matsar da tsinken, ta sake matsarwa. Ta ce, "Wannan ta bayan haɗiyewa take yi. Tasa turowa take." Na duba, gaskiyarta. Na ɗaura fankar baya a juye, ni da aka yi wa karatun sanduna har na gaji. Duk shekarun nan da take mitar turarenta a bakin ƙofa, ashe kallo take yi. Na kwance na juya, ta sake gwadawa, hayaƙin ya fita.

Sai muka lura ba ƙul-ƙul. Fankoki kawai, wani siririn huci da sai ka kasa kunne. Na buɗe bidiyo mai nauyi na sa shi fita, muka tsaya. Iska mai ɗumi tana tashi ta sama, akwatin da sanyinsa. Ban san yawan kwanan da ya rage wa famfon ba bayan wahalar da ya sha, amma ranar bai yi gardama ba.

Inna ta tsaya har turaren ya cinye ya kusa ƙona mata yatsa. Ta shiga ɗakinta, na ji ta tsaya jikin bangon. Ta dawo ta ce, "Daga can ba a jin komai." Na ce eh, haka ya kamata ya kasance tun farko. Ta gyaɗa kai. Ta tattara sukudirebobinka ta maida cikin jaka, ta ja zif ɗin iya inda ya yarda, ta rataye jakar a ƙusar shago, ba ta koma da ita ɗaki ba.

A bakin ƙofa ta ce, "Ki kira Kawunki. Ki ce ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, ya taho da liman."

Na kira shi. Ya ce to. An fara gaya wa dangi, na Nylon da na unguwar Bali, Goggo ta ce ita za ta yi waina. An ari tabarmi daga masallaci.

Shi ya sa na rubuto, Yayana. Ban so ka ji a bakin wani cewa an taɓa maka kaya, ko an zauna karɓar gaisuwarka ba a gaya maka ba. Aikin da ka bari an ƙarasa shi, a kan zanenka, ba a kauce ba. Ina kewarka. Kullum na kunna injin nan sai na juya in gaya maka wani abu. Kuma yau Laraba ce. In kana wani wuri da ake karanta irin wannan, akwai sauran lokaci, ka zo ka same mu muna shimfiɗa tabarmi, ka yi min faɗan na taɓa abin da ka ce kar in taɓa. Ba zan ce uffan ba.

Ya Allah, in bawanka Sanusi yana raye, ka kwance abin da ya riƙe shi, ka nuna masa hanyar gida. In kuma ya riga mu, ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa inda ya faɗi ya zame masa shaida. Ka ba duk uwar da ke jiran ɗanta a ƙasar nan labari, ko mai daɗi ko mai ɗaci. Ka ba Inna barci a ɗakin da ya yi shiru. Amin.

Taka har kullum,
ƙanwarka Bilki,
daga shago, New Bell.